Yadda Ake Gane Ɗafa-ƙeyar -ment da -mente, da Yadda Ake Koyar da Ita

Duk wanda ya taɓa juya galan ɗin maganin feshi ko kwalin maganin dabbobi da ya shigo ta Maigatari ko ta Ɓaɓura ya ga rubutun Faransanci cike da kalmomi masu ƙarewa da -ment: attentivement, immédiatement, traitement, médicament. In kayan na Barazil ne ko na Sifaniya, sai a ga -mente: cuidadosamente, diariamente. Wannan bayani an yi shi ne domin malaman Faransanci na ƙananan sakandaren karkara, da ɗalibai masu shirin jarrabawa, da 'yan kasuwar da ke hulɗa da Damagaram da Magarya. Littattafan aji sukan kawo ƙa'idar ƙirar waɗannan kalmomi a layi biyu, su bi ta da jerin kalmomin da suka saɓa mata, su ce a haddace. Wanda ya san inda ɗafa-ƙeyar, wato guntun da ake liƙawa a ƙarshen kalma, ta fito ba ya bukatar yawancin haddar nan, domin kusan kowace kalma da ake cewa ta saɓa ƙa'ida tana da dalilinta.

Faransanci, Sifaniyanci, Italiyanci, harshen Fotugal, na Kataloniya da na Romaniya duk 'ya'yan Latin ne, harshen Daular Rum. A Latin suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikin da yake yi a jimla, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ya san raf'u da nasbu da jarru. Akwai kalmar mens, ma'anarta hankali, ko zuciya, ko niyya. Idan ana nufin "da hankali" ko "da zuciya", sai ta koma mente. Kalmar mace ce, saboda haka duk sifar da ta raka ta dole ta zo a sigar mace: bona mente, da kyakkyawar niyya, sana mente, da lafiyayyen hankali. Mawaƙin Rum Catullus, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta obstinata mente, wato da zuciyar da ta kafe. A zamaninsa kalmomi biyu ne a rabe, kuma mutum kaɗai ake faɗa wa, tunda dutse da ruwa ba su da zuciya.

Bahaushe ya fi kowa saurin gane abin da ya biyo baya, domin harshensa ya bi wannan hanyar. In aka ce "ya yi aikin da zuciya ɗaya", har yanzu zuciyar ake nufi. Matakin Catullus ke nan. Amma in aka ce "ruwa na tsiyaya a hankali" ko "gero na nuna a hankali", ba wanda ke nufin gero yana da hankali. Kalmar ta saki ma'anarta ta koma nuna yanayin aiki kawai. Haka mente ta yi a bakin talakawan Rum. Tsofaffin ɗafa-ƙeyar bayanau (kalmar da ke nuna yanayin aiki) na Latin, wato -e da -iter, suka yi ta raguwa har saura 'yan kaɗan irin su bene da male, waɗanda suka zama bien da mal a Faransanci da Sifaniyanci. A ƙarni na 8 aka tsara wani jerin kalmomi, wanda ake kira da sunan gidan ibadar Reichenau, domin taimaka wa masu karatun Baibul na Latin da suka daina gane wasu kalmominsa. A ciki an fassara tsohuwar kalma singulariter da solamente. Ita ce seulement ta Faransancin yau, ma'ana "kawai", kuma babu ko ƙamshin hankali ko zuciya a cikinta.

Abu ɗaya ne bai goge ba: jinsin. Shekaru fiye da dubu bayan haɗewar, har yanzu sifar tana zuwa a sigar mace. A kan wannan aka gina komai.

Yadda ake ƙira a Faransanci

A ɗauki sifa a sigar namiji, a mai da ita mace, sannan a ɗafa -ment. Lent ya zama lente, sai lentement, a hankali. Heureux, heureuse, heureusement. Doux, douce, doucement. Attentif, attentive, attentivement. Franc, franche, franchement. Sec, sèche, sèchement. Régulier, régulière, régulièrement. Long, longue, longuement. Sifar da tun asali take ƙarewa da -e ba ta da wata siga daban, sai a ɗafa kai tsaye: rapide, rapidement, facile, facilement. Kusan duk kuskuren da ake gani a takardun yara a mataki na biyu yake. Yaron da ya rubuta douxment ko attentifment ya san ɗafa-ƙeyar sarai, sigar mace ce bai sani ba. Maimaita masa ƙa'idar -ment ɓata alli ne; a koma da shi kan -eux da -euse, -if da -ive, -er da -ère.

Idan sigar namiji ta ƙare da wasali, wato -i, -é, -u ko -ai, a kanta ake ɗafawa: vrai, vraiment, poli, poliment, absolu, absolument, aisé, aisément. Da can ana rubuta vraiement da e ɗin mace. Da aka daina furta shi bayan wasali sai aka cire shi daga rubutu. Sawunsa ya rage a gaiement, wadda ta riƙe shi, da kuma 'yar hular da ke kan u a assidûment da dûment.

Wurin da ya kamata malami ya daɗe shi ne sifofi masu ƙarewa da -ant da -ent. Waɗannan ba sa bin sigar mace ta yanzu. Constant ya ba da constamment, abondant ya ba da abondamment, courant ya ba da couramment, prudent ya ba da prudemment, récent ya ba da récemment, évident ya ba da évidemment. Dalili shi ne a Latin akwai rukunin sifofi masu siga ɗaya ga namiji da mace, irin su prudens da grandis, kuma tsohon Faransanci ya gaji haka. Shi ya sa har gobe ake cewa grand-mère, kaka mace, babu e. To, prudent ce sigar mace a wancan lokaci, aka ɗafa mata -ment, t ta faɗi, n kuma ta nashe cikin m. Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan naso a bakinsa: muna rubuta "gidan Musa" muna furta "gidam Musa". Sigar prudente daga baya ta zo, bayan bayanau ya riga ya daskare. Lent bai shiga wannan rukuni ba, domin a Latin yana da macensa daban, lentus da lenta, shi ya sa aka sami lentement. Présentement ma ta fita daga rukunin, kuma za a ji ta sosai a bakin mutanen Nijar da ma'anar "yanzu haka".

A rubutu, wasalin sifa ake bi: a ta ba da -amment, e ta ba da -emment, kullum da m biyu. A furuci kuwa duk ɗaya ne, a ake ji. Évidemment ana faɗinta kamar an rubuta évidamment, kamar yadda ake furta femme "fam". Yaro zai rubuta abin da kunnensa ya ji, don haka a saba masa da tambayar kansa: daga wace sifa ta fito?

Akwai wani ƙaramin rukuni mai -ément: précisément, énormément, profondément, conformément, communément, intensément, confusément, expressément. Sun kwaikwayi irin su assurément da aisément ne, waɗanda é ɗinsu na asali ne. A nan babu ƙa'idar da za ta fitar da mutum, hadda ce, amma waɗanda ake haɗuwa da su kullum ba su fi goma sha biyu ba. A haɗa musu da gentiment daga gentil, da brièvement daga bref.

Ba kowace sifa ke karɓar ɗafin ba. Bayanau na bon shi ne bien, na mauvais shi ne mal, na meilleur shi ne mieux. Vite bayanau ce da kanta. Yawancin launuka ba sa karɓa, kuma vertement da ake gani ma'anarta "da kakkausar murya", ba ruwanta da kore. A wasu maganganu sifar namiji ce ke zama yadda take: parler fort, coûter cher, sentir bon, travailler dur. In ɗalibi ya yi shakka a jarrabawa, mafita mai aminci ita ce avec da suna, ko d'une manière da sifar mace: avec patience, d'une manière claire. Ta farkon ƙirar Hausa ce sak, "da haƙuri".

Batun furuci: t ta ƙarshe ba a faɗinta, n ma ba a rufe ta. A fara da "mang", kamar ƙarshen kalmar "can" in ta zo a ƙarshen magana, sannan a hana bayan harshe taɓa ganɗa, a bar iska ta bi ta hanci. Shi kuma e na tsakiya yakan faɗi idan baƙi ɗaya ne ake ji kafinsa, sai doucement ta zama gaɓa biyu, "dus" da "mang". Bakin Bahaushe yana son cusa wasali a nan ya ce "dusuma", a kula. Idan baƙi biyu ne ake ji kafinsa, e yana nan daram: justement, simplement, autrement. Wurin zaman bayanau a jimla kuma bayan aikatau ne: il parle lentement. Ba ya shiga tsakanin wakilin suna da aikatau, kuma ba ya sauyawa don jam'i ko jinsi.

Tarkon da ya fi kama mutane

Faransanci yana da -ment iri biyu da ba su haɗa kaka ba. Na biyun daga -mentum na Latin ya fito, wanda ake ɗafa wa aikatau a sami suna: traiter, traitement, payer, paiement, changer, changement, gouverner, gouvernement, loger, logement. Duk maza ne. Wannan ne Ingilishi ya ara, har ya iso mana a cikin "gwamnati" da "siminti". Na bayanau bai shiga Ingilishi ba, saboda haka ɗalibin da ya fara da Turanci yakan ɗauka duk kalma mai -ment suna ce. Sannan ga na uku, wanda ba ɗafa-ƙeyar ba ce sam: aikatau mai m a ƙarshen saiwarsa, in ya zo da jam'i. Ils aiment, ils dorment, elles ferment. A nan -ent gaba ɗaya ba a furta ta, "em" da "dorm" da "ferm" ake cewa. Jin yaro ya karanta ils aiment da "emang" alama ce ta an koya masa ɗafa-ƙeyar ba a nuna masa wannan ba.

Ana rabe su da tambaya uku, a jere. Da farko a dubi abin da ke gaban kalmar: in le, un, du, ce ko mon ne, suna ce. A lura dai da irin le plus rapidement possible, inda plus ta shiga tsakani; wannan bayanau ne. Na biyu, in ils ko elles ko wani suna jam'i ne ke aikata ta, aikatau ce. Na uku, a rufe -ment da yatsa a dubi saura. In sifa ce, bayanau ne. In saiwar aikatau ce, suna ne. Akwai tagwayen da harafi ɗaya ko biyu ke raba su, kuma masu tsara jarrabawa suna son su: étonnement mamaki, étonnamment ta hanya mai ban mamaki; aveuglement makancewar basira, aveuglément ido rufe. Contentement suna ce, gamsuwa. Content ba shi da bayanau.

A gwada da irin rubutun da ke jikin galan: Lire attentivement l'étiquette avant le traitement. En cas de contact avec les yeux, laver immédiatement et abondamment avec de l'eau. Kalmomi huɗu ne masu -ment. Traitement tana da le a gabanta, suna ce, feshin ke nan. Attentive da immédiate sifofin mace ne, abondamment kuma daga abondant. Da Hausa: "A karanta takardar da kyau kafin feshi. In ya shiga ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa." Manomin da ya gane aikatau laver kaɗai ya san a wanke, amma bai san da gaggawa ba ne, bai kuma san ba ɗan yayyafi ake nufi ba. A takardun magani, a cikin waɗannan kalmomi gargaɗin yake zama: uniquement kawai, strictement ba sassauci, lentement a hankali, régulièrement a kai a kai, soigneusement da kula sosai.

Wajen fassara kada a nemi hanya ɗaya. Wani lokaci "da" ce da suna, kamar da sauri, da gangan. Wani lokaci "a" ce, kamar a fili, a ɓoye, a hankali. Wani lokaci "cikin", kamar cikin natsuwa. Gratuitement kyauta ce kawai, complètement kuma Hausa ta fi ta kayan aiki: gaba ɗaya, sarai, ƙurmus, kakaf, ya danganta da aikin. Wasu kuma ba yanayin aiki suke nunawa ba, ra'ayin mai magana ne a kan jimlar duka: heureusement an yi sa'a, malheureusement abin takaici, franchement tsakani da Allah.

'Yan kasuwa su riƙe guda huɗu da ma'anarsu ta zame. Actuellement "yanzu" ce, ba "a gaskiya" ba, duk da kamarta da kalmar Turanci. Éventuellement "in ta kama" ce, ba "daga ƙarshe" ba. Sûrement sau da yawa "da alama" take nufi, ba tabbas ba. In kuma abokin ciniki ya ce le camion arrive normalement jeudi, ya ce ne motar za ta iso Alhamis in komai ya tafi daidai. Bai yi alkawari ba. A Faransancin Afirka ta Yamma kuma, in mutum ya yi tuntuɓe za a ce masa doucement, daidai inda mu za mu ce sannu.

Sauran 'yan'uwan

A Sifaniyanci, Italiyanci da harshen Fotugal aikin ya fi sauƙi, domin kalmar mente tana nan da ranta da ma'anar hankali, kuma ba a rikita ta da ta suna, wadda ta zama -miento ko -mento: tratamiento, tratamento, trattamento. Ƙa'idar ita ce dai: o na namiji ya koma a na mace, lento, lenta, lentamente, a duka ukun.

Sifaniyanci ne ya fi tuna cewa kalmomi biyu ne. Yana barin alamar ƙarfin murya ta sifa a inda take, rápida, rápidamente, fácil, fácilmente, kuma ana furta kalmar da ƙarfi a wuri biyu. In bayanau biyu suka jeru, na ƙarshe kaɗai ke ɗaukar ɗafin, na farko ya tsaya a sigar mace: lenta y cuidadosamente. Tamkar a ce "da sanyayyar kuma natsattsiyar zuciya", zuciya ɗaya ta ishi sifa biyu. Harshen Fotugal ma yana wannan jerin, amma yana cire alamar: rápida, rapidamente, só, somente. Tsofaffin littattafai suna da sòmente da alama mai kwantawa baya, wadda Barazil ta soke a 1971, Fotugal kuma a 1973. A tsohuwar ƙa'idar harshen Kataloniya akasin haka ake yi, na farko ke riƙe -ment, na biyu ya sake. Faransanci da Italiyancin yau kowane bayanau da nasa, shi ya sa jikin galan ya ce immédiatement et abondamment. Italiyanci yana yar da e in sifa ta ƙare da -le ko -re bayan wasali: facile, facilmente, regolare, regolarmente. Romaniyanci ne ya fita zakka. Ba ya ƙirar bayanau da wannan ɗafi; sifar namiji yake amfani da ita yadda take, kamar frumos, ko ya sa -ește, kamar românește. 'Yan kaɗan da yake da su, irin su realmente, aro ne na baya-bayan nan.

Yadda za a kai shi aji

Darasi uku na minti 40 sun isa, kuma ba a bukatar wuta ko littafi ga kowane yaro. A yanka kwalin sabulu ko na taliya gida 30, kowane kamar tafin hannu. A rubuta sigar namiji a fuska ɗaya, ta mace a bayanta: 15 na ƙa'idar farko, 5 masu ƙarewa da wasali, 6 masu -ant da -ent, 4 masu -ément. A yi wani kati daban mai -ment da manyan baƙaƙe.

Ranar farko a fara da Hausa. Malam ko Malama su rubuta "da zuciya ɗaya" da "a hankali" a allo, su tambayi yara ko ruwa yana da hankali, sannan su kawo bona mente. Minti goma ya isa. Sauran lokacin na katuna 15 ne: yaro ya ɗaga kati, aji su faɗi sigar mace kafin ya juya, wani ya kawo katin -ment ya jera. A sa su ji baƙin da ke fitowa a sigar mace, t a lente, z a heureuse, s a douce, domin shi ne zai hana su rubuta heureuxment. Kada a kawo ko ɗaya daga masu saɓawa a wannan rana. In aka zuba su tare, yaro yakan fita da tunanin cewa babu ƙa'ida, sai ya koma cinta.

Rana ta biyu ta masu wasali ce da masu m biyu, da misalin "gidam Musa". Rana ta uku a kawo kwalin magani na gaske, wanda babu komai a ciki, ko a kwafe rubutunsa a allo. In galan ɗin feshi ne, rubutun kawai za a kwafa, kada a shigo da shi aji. Yara su ja layi a ƙarƙashin duk kalma mai -ment, su raba su gida uku da tambayoyin nan, su fassara. A rufe da shifta ta jimla 8 da ta ƙunshi récemment, constamment, vraiment, précisément, doucement, le paiement, ils dorment da lentement. Wajen maki a ware kurakuran: na sigar mace daban, na m biyu daban, na rikita suna da aikatau daban. Inda suka fi taruwa, da katunan wannan rukuni za a buɗe darasin mako mai zuwa.